Nata'ala da Alƙiblar Dagenham

Kwana da kwanaki ke nan Karimatu tana ɗauke da wani abu a ƙirji, ya ƙi haɗiyuwa, ya ƙi fitowa. In ta ɗora tukunya sai ta manta gishiri, in ta zuba gishiri sai ta sake zubawa. 'Ya'yanta har sun fara cewa miyarta ta koma ruwan teku. Ba ciwo ke damunta ba, ba kuma mugun labari aka aiko daga gida ba. Flat ɗinsu ne.

Flat ne na council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Whitechapel ta London, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Ba wani abin a zo a gani ba ne, silin banɗaki ma yoyo yake yi, amma ita ta san wuyar da ta sha kafin ta same shi. Da sunanta aka ba da shi, tun lokacin da maigidan yake Kano yana zaryar biza. Ga masallaci kusa, ga kasuwa a bakin titi, ga makarantar Zailani da Jamilatu, inda ita ma take aikin raba wa yara abincin rana. Kuma abu ɗaya ta riƙe a kanta kamar karatun Fatiha: council ba ta barin gida a hannun wanda ba ya zaune a cikinsa. Ranar da suka ji an tashi, ranar za su karɓi makulli.

To, mijinta Nata'ala ne ya ɗauko abin da ke neman sa su ji haka.

Nata'ala direban minicab ne, wato tasi, amma in ka ji yana magana sai ka ɗauka shi ke ba Firayim Minista shawara. Cewa yake yi babu dokar Ingila da bai sani ba, don duk manyan lauyoyin London sun zauna a bayan motarsa. Wata rana a farkon shekarar 1992 ya shigo gida yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Maman Jamila, tashi ki gaida lanlod."

"Wane lanlod? Baƙo muka yi?"

"Ga shi a gabanki. Gwamnati ta yafe stamp duty."

"Me ke nan kuma?"

"Harajin da ake biya in an sayi gida, kafin a buga wa takarda hatimi. An ɗage shi har watan Agusta." Ya ɗaga yatsa sama. "Amma fa ga wanda zai zauna a gidan kawai. Wanda ya saya don ya zuba 'yan haya, sai ya biya, har da tara in an kama shi."

"Wa ya gaya maka?"

"Wani fasinja. Babban mutum, da kwat da jaka."

"Lauya ne?"

"Ya yi kama."

Karimatu ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "To mu da muke da wurin zama, me ya haɗa mu da wannan?"

"Kin ji matsalarki. Ni zan sayi gida a Dagenham, in ce a ciki zan zauna. Ba haraji. Kamfanin rancen gida su ma sun fi sassauta wa mai zama a gidansa. Sai in zuba 'yan haya su riƙa biya min mortgage, mu kuma muna nan abinmu. Gida biyu, mutum ɗaya!"

"Baban Jamila, taura biyu ba ta taunuwa. Kuɗin ruwan fa?"

"Lalura ce. Na tambayi malami."

"Wane malamin?"

"Shi ma fasinja ne."

Duk abin da ta faɗa, ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. Kafin ganye ya gama fitowa a bishiyoyi, Nata'ala ya sa hannu a kan wani gida a bayan masana'antar motoci ta Dagenham, irin gidajen nan da suke manne da juna kamar haƙora. Ɗakin kwana biyu ne a sama, sai wani ɗan ƙurƙutun ɗaki na ajiye akwatuna, wanda in ka miƙe ƙafa a ciki sai ka buɗe ƙofa. Babban ɗakin ya ba Issahaku, wani ɗalibi ɗan zangon Kumasi. Na bayan ya ba Dinatu, nas ce 'yar Kafanchan, mace mai tsafta da kaifin baki. Da zumuɗin karɓar kuɗin haya, ya miƙa musu makullan gidan duka biyun, bai rage wa kansa ko ɗaya ba.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai tsoro ya kama shi. Wai ya ji akwai masu binciken stamp duty, masu doguwar rigar ruwa, suna yawo unguwa-unguwa suna leƙen wanda ya yi ƙarya. Duk wanda ya tare motarsa da rigar ruwa, sai ya wuce shi a guje. A London fa, inda kowa rigar ruwa ce a jikinsa.

"Dole gidan nan ya yi kama da ina ciki," in ji shi.

Ranar wata Asabar ya fara kwasar kaya. Labulen falo, talabijin, hoton aurensu, babbar tukunyarta ta tuwo, har da muciya. Yana sauka da su matakala yana hawa, yana nishi, yana ba kansa umarni. Karimatu na tsaye a bakin ƙofa tana salati, sai ga maƙwabciyarta Anti Rahima, 'yar Bangladesh, ta fito da gudu ta rungume ta tana kuka.

"Sister, tashi za ku yi ba sallama?"

"Ba tashi za mu yi ba, Anti."

"To ina za a kai talabijin?"

Nata'ala da ke wucewa da kujera a ka ya amsa da ƙarfi, don duk benen ya ji: "Sabon gidana! Dagenham! Har da lambu!"

Kafin la'asar Anti Rahima ta kawo biriyanin bankwana. Tana share hawaye tana auna tagar falo da idonta. A bakin ƙofa ta ce ɗanta ya kusa aure, ko Karimatu ba za ta damu ba in ta je ofishin council ta tambayi yadda za a yi da flat ɗin? Tun daga ranar abin nan ya tokare wa Karimatu ƙirji.

Shi kuwa gogan naka ya shiga mataki na biyu. Ya kai manyan rigunansa biyu da wando ya shanya a igiyar bayan gidan Dagenham, don maƙwabta su san akwai maigida. Ruwa ya dake su, rana ta dake su, tsuntsaye suka yi musu ado. Sannan kullum da sassafe sai ya tuƙa mota tun daga Whitechapel, ya ajiye ta a bayan layi, ya cire takalmi ya sa silifa, ya tsaya a ƙofar gidan da jallabiya da asuwaki a baki, yana hamma, yana gaida mai kawo madara. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da gidan, Misis Dobbs, tana da wani ɗan kare mai kama da tsumma. Kullum tana bayan labule tana kallon mutumin da yake farkawa daga barci a waje, bai taɓa fitowa daga ciki ba.

Wata safiya aka kece da ruwa. Nata'ala ya buga ƙofa, shiru, Issahaku ya tafi makaranta. Sai ya hango wani dogon Bature da rigar ruwa ya karyo kwanar layin. Mai bincike! Ga maigida a waje ba makulli!

Ya zaga ta baya, ya tura ƙaramar tagar kicin, ya cusa kai, ya cusa kafaɗa. Da aka zo kan tumbi, taga ta ce nan ne iyakarta. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi.

Dinatu, wadda ta dawo daga aiki ta kwanta ke nan, ta ji motsi ta sauko. Ta ga kan ƙato a kan wurin wanke-wanke. Ba ta tsaya tambaya ba, ta rarumi muciyar Karimatu.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

"Dinatu, ni ne! Lanlod ne!"

"Lanlod ta taga? Ko ɗan haya ba ya shigowa ta taga!"

Ta ƙara masa ɗaya, wai don ta tabbatar da muryar. A waje kuma karen Misis Dobbs ya samu gefen jallabiya ya kama aiki. Baturen mai rigar ruwa, wanda ashe mai karanta mitar gas ne, shi ya taimaka aka zare shi kamar ƙusa.

Ya dawo gida da ƙulu a goshi. Karimatu tana gasa masa da ruwan zafi tana cewa, "Don Allah, Baban Jamila, ka bar abin nan haka. Garin neman gira kada a rasa ido."

"Ai yanzu na gano kuskurena," in ji shi. Ta yi ajiyar zuciya. "Shaidu ne ba ni da su. Wa ya taɓa tarewa a gida ba walima? Walima zan yi, a yi addu'a, a ci a sha. In masu bincike sun zo, London gaba ɗaya za ta shaida. Har Mista Pell na kamfanin rance zan gayyata."

"Wanda ake ɓoye wa shi za ka gayyato?"

"Kin ga bambancin mai ilimi ke nan. Ɓarawo ke gudun ɗan sanda. Mai gaskiya shayi yake ba shi."

Bayan sallar Juma'a ya tsaya a bakin masallaci yana shela. Duk wanda ya ji Hausa a bakinsa sai ya damƙe hannunsa: ɗalibai, likitoci, 'yan ofishin jakadanci, kowa ya zo, kowa ya zo da nasa. Su Issahaku kuma ya tara su ya yi musu darasi: Issahaku ƙanensa ne, Dinatu 'yar ƙanwar matarsa ce, babu ɗan haya a gidan.

"Maigida," in ji Issahaku da Hausarsa ta zango, "ni Musulmi, Dinatu Kirista, shi Kafanchan, ni Kumasi. Wane irin dangi ke nan?"

"Dangi mai faɗi. Kai dai ka ce yaya."

Ranar Lahadi gidan ya cika har lambu. Takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa, har Misis Dobbs ta fito tana tambaya ko gwanjo ake yi. Karimatu na kicin ita da Dinatu, ta haɗu da tukunyarta kamar an haɗu da ɗan'uwa a ƙasar waje. Dafa-duka, tuwon semo, miyar kuka da aka kawo daga gida, soyayyen naman rago. Mista Pell ya zo, ɗan siririn Bature mai kunya, aka zaunar da shi a kujerar da ta fi kyau, aka ɗora masa faranti a cinya. Yana ci yana hawaye saboda yaji, yana cewa lovely.

Ana cikin haka Dinatu ta leƙa ta taga ta ce, "Yauwa, ga yayana ya iso. Na ce ya zo ya ci tuwo."

Karimatu ta ɗaga kai. Ludayi ya suɓuce daga hannunta ya nutse a miya. Mutumin da ke cire takalmi a bakin ƙofa ta san shi sarai. Mista Katung ne, jami'in council mai kula da benensu, wanda ya zo duba yoyon banɗaki da damina, har ta ba shi kunu suka yi hirar gida.

Ta fita da sauri ta nemi mijinta, amma ina! Ya riga ya hau matakala ta uku, cikin babbar riga mai aska takwas, ya buɗe hannuwa. Da Hausa yake yi yana juyawa da Turanci saboda Mista Pell.

"Jama'a, ku shaida! Wannan gida nawa ne, a cikinsa nake kwana, a cikinsa nake tashi! Tun da bazara muka tare, ni da iyalina kaf. Babu lungun da ban sani ba. Ko ido aka rufe min, zan kai ku ko'ina a gidan nan!"

Karimatu tana daga ƙofar kicin tana yi masa alama da ido, tana nuna bayansa da haɓa. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne. "Ga uwargida nan, ku tambaye ta! Har cewa take yi ba ta taɓa samun barci mai daɗi irin na Dagenham ba!"

Aka yi tafi. Da tafin ya lafa, sai wata murya ta ce a hankali, "Barka da arziki, Malam Nata'ala."

Ya waiwaya. Murmushin ya daskare a fuskarsa.

"A'a, Mista Katung! Kai ne? Yaushe... ka ci abinci?"

"Zan ci. Ashe kun tashi daga wurinmu. Wata maƙwabciyarku ta zo ofis ta faɗa, na ce ƙarya ne, Madam ba za ta tashi ba ta sanar da mu ba. To tunda na ji daga bakinka, gobe sai a kawo makulli. Mutane da yawa suna layi."

Nata'ala ya dubi Katung a dama. Ya dubi Mista Pell a hagu, wanda ya taso da farantinsa yana murmushi, yana tambayar ko wannan ma ɗan'uwa ne. Katung ya gabatar da kansa da Turanci, ya faɗi aikinsa, sannan ya yi tambaya da Turanci don kowa ya ji: a nan suke zaune, ko a Whitechapel?

Gumi ya keto wa Nata'ala daga ƙarƙashin hula. Ya sake duban Mista Pell.

"A nan," in ji shi da wata siririyar murya. "Here."

Karimatu ta jingina da bango. Layin neman gida da ta yi shekaru tana bi, makarantar yara, masallaci, duk ta ga sun bi iska a kan kalma ɗaya.

Allah da ikonsa, a daidai nan Malam Wahabu, dattijon da aka gayyato don addu'a, ya duba agogo ya ce la'asar ta yi. Aka yi layin alwala a banɗaki da famfon lambu, aka ture kujerun falo, aka shimfiɗa zannuwan gado. Malam ya gyara rawani ya tsaya a tsakiya.

"Maigida, ina alƙibla?"

Tambaya ce da ake yi wa kowane maigida, ko yaron gida ma ya isa ya amsa. Nata'ala bai ko yi jim ba. A falonsu na Whitechapel taga ake fuskanta, a ɗan karkata dama. Ya nuna tagar titi.

"Nan. Ku ɗan karkata dama."

Sahu ya fara daidaita. Sai ga Issahaku ya sauko daga sama da ruwan alwala a gemu, ya tsaya turus.

"Maigida... af, yaya. Alƙibla ba nan shi ke ba. Baya shi ke, wajen lambu."

"Kai, yaro, gidana za ka koya min?"

"Wallahi yaya, wurin da ka nuna gidan giya shi ke. Ga shi can ƙarshen layi."

Kawuna suka juya wajen taga. Ga allon mashayar kuwa yana lilo, da hoton jan zaki.

"Gabas gabas ce!" in ji Nata'ala. "Ni da nake salla biyar a nan kullum? A wannan wurin goshina ya yi saye!"

Wani likita ya ce shi dai da ya shigo ya ga rana ta wancan gefen. Wani ɗalibi ya ce a Ingila ba a yarda da rana. Sahun gaba ya bi maigida don kara, sahun baya ya bi Issahaku, har aka wayi gari mutane sun ba juna baya kamar masu gaba. Wani tsoho mai nauyin ji ya riga ya kabbara shi kaɗai wajen matakala.

Malam Wahabu ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kamfas ɗinsa na tafiya, ya ɗora a tafin hannu. Allura ta yi rawa ta tsaya. Malam ya juya a hankali, ya juya, ya juya, har ya ba tagar baya gaba ɗaya, ya fuskanci lambu, inda rigunan Nata'ala suke reto a igiya.

"Malam Nata'ala," in ji shi, "tun bazara kake ba Makka ƙeya?"

"Kamfas ɗin ne, Allah gafarta Malam. Ƙarfen masana'anta ke jan sa."

"To sai ka zaɓa. Ko dai ka rama sallolin wata da watanni, ko kuwa ba a nan ka yi su ba."

Wata dariya ta ɓarke daga sahun baya, ta bi falo, ta fita har lambu. Mista Pell yana ta waige-waige yana tambayar me ya faru. Katung, wanda ya tsaya a gefe da farantin tuwo, ya juya wajen ƙofar kicin.

"Madam, ni ba Musulmi ba ne, amma a cikinku na girma. Ke ba za ki yi min ƙarya a kan salla ba. Ina kike fuskanta in za ki yi?"

Karimatu ta dubi mijinta. Yana ƙifta mata ido har hularsa na motsi. Ta dubi ƙasa.

"Taga," in ji ta. "A ɗan karkata dama. A Whitechapel, hawa na uku. Shi ma can yake yi, a gabana, in bai makara ba."

"Shi ke nan," in ji Katung, yana gutsurar tuwo. "Riƙe makullinki. Mutumin da bai san alƙiblar gida ba, bai taɓa kwana a cikinsa ba. Wannan ta fi min kowace takarda."

Abin da ya tokare mata ƙirji ya faɗa. Sai ta ji yunwa, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

Amma ruwan da ya ɗauke a kanta, a kan Nata'ala ya sauka. Bayan an idar da salla ana fuskantar lambu, Katung ya fassara wa Mista Pell komai, bai rage ba. Baturen ya ajiye faranti ya goge baki.

Nata'ala ya riga shi magana. Ya haɗa hannuwa biyu ya miƙa kamar mai jiran ankwa. "A kira masu binciken stamp duty ɗin. Na shirya."

Mista Pell ya ce waɗanne masu bincike? Ya ce ɗagewar da gwamnati ta yi ta kowa da kowa ce, mai zama da mai ba da haya, matuƙar kuɗin gidan bai wuce iyakar da aka sa ba, kuma gidan nan ko kusa bai kai ba. Babu wanda zai zo, babu wanda ya taɓa niyyar zuwa.

"Wato ko da na ce haya zan bayar..."

Mista Pell ya ce ko sisi ba zai biya ba.

"Tagar fa?" in ji Dinatu daga kicin. "A banza na karya muciya ke nan?"

Sai dai, in ji Mista Pell, akwai maganar da ta shafe shi. Rancen da kamfaninsu ya bayar na mai zama a gidansa ne, da sassaucin da ke tare da shi, kuma haka Nata'ala ya sa hannu. Shi bai taɓa zargin komai ba, abinci aka gayyace shi ci. Amma tunda ya ji, ba zai ce bai ji ba. Ko dai a sauya rancen zuwa na masu haya, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, ko kuwa maigida ya zauna a gidansa da gaske. In yana ciki, kamfani zai iya lamunta ya ajiye mutum biyu a sauran ɗakunan.

"Ai ɗakunan duk da mutane," in ji Nata'ala.

Issahaku ya yi gyaran murya. "Yaya, ɗakin akwati yana nan. Shi ba kowa."

To, jama'a, yau lanlod yana ɗakin akwati. In zai kwanta sai ya buɗe ƙofa ƙafafunsa su leƙo. Dinatu ta sa shi a jerin masu wanke banɗaki, Talata da Juma'a, kuma ba ta karɓar uzuri. Issahaku ya ƙi daina ce masa yaya, har rancen sukari yake zuwa yi da sunan zumunci. Karen Misis Dobbs kuwa har yanzu bai yafe ba. A bakin masallaci yara sun daina ce masa Malam Nata'ala, sai Karkata-Dama.

Karimatu tana flat ɗinta. Ranar Asabar yakan zo cin tuwo, ya yi barci a kujera, a tashe shi ya koma gidansa. Ba za ta ɓoye muku ba, falon ya yi shiru mai daɗi, gishirin miya ya dawo daidai. Amma miji miji ne. In ta tuna ƙafafun nan a waje ga sanyi yana tahowa, sai tausayi ya kama ta. Ga labulenta da tukunyarta suna can. Ga Anti Rahima har yanzu in ta shigo sai ta saci kallon taga.

Jiya kuma ya bugo waya daga akwatin tarho na bakin layi, murya cike da fara'a kamar ba shi ba.

"Maman Jamila, an gama! Ashe council tana sayar wa mai zama a flat da flat ɗinsa da rangwame. Da sunanki yake, ke za ki sa hannu. Mu saya, ku dawo nan, can kuma mu zuba 'yan haya. Babu wanda zai sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Wani fasinja."

Abin ya dawo ya tokare mata ƙirji, a daidai inda yake da. Shi ya sa aka kawo muku maganar, ku da kuka fi ta sani. Ta tattara yara ta bi mijinta Dagenham, ta miƙa makullin da ta sha wuya a kansa? Ta sa masa hannu a wannan sabuwar? Ko kuwa ta aika masa da bargo da safa, ta bar shi a ɗakin akwati har ya haddace alƙibla?